Wani ya nemi rajistar tambarina, zan iya tare shi kafin a ba shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sana'ar yaji ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Na daɗe ina zuba yajina a leda mai ɗauke da sunan mahaifiyata da zanen turmi, har ƴan kasuwar Dole sun san shi da sunan. Yanzu na samu labarin wanda yake sarar kayana ya kai sunan nan a yi masa rajista. Ni ban taɓa yin rajistar tambari ba, sai ta kasuwanci. Shin zan iya hana shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Za ki iya, amma lokaci ne zai yanke hukunci kafin kowa, don haka kada maganar nan ta kwana.

A Nijar ba a Yamai ake yanke maganar tambari ba. Ƙasarmu tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai yi wa tambari da ƙirƙira rajista, mai hedkwata a Yawunde ta Kamaru, wadda ke da ƙasashe 17, kuma rajista ɗaya a can tana aiki a cikinsu duka. Dokar ita ce yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka yi wa gyara na baya-bayan nan a Bamako a 2015. Ƙa'idarta ba ta da tausayi ga irinku: tambari na wanda ya riga ya shigar da takarda ne. Rajistar kasuwanci da kika yi ta ba ki damar yin sana'a a hukumance, amma ba ta mallaka miki sunan da ke jikin leda ba. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, kuma abin yana yi mini ciwo, domin galibi masu gumin ne ke asara.

Tun farkon 2022 tsarin ya canza. A da sai an gama rajista ake ba da wata shida na ƙalubale. Yanzu da zarar an shigar da buƙata ana buga ta a mujallar ƙungiyar, wato BOPI, kuma daga ranar bugawar akwai wata uku kacal. Abu na farko ke nan da za ki yi: ki sa wani ya duba miki mujallar a shafin OAPI na intanet, a gano ko an buga buƙatar, da lambarta, da ranar, da rukunin kayan da ya nema. Yaji yana rukuni na 30 a cikin rukunai 45 da ake kasa kaya da ayyuka. Labarin kasuwa ba ya isa, sai kin ga shafin da idonki.

Hanya biyu ce a gabanki, kuma kada a rikita miki su.

Ta farko ita ce ƙalubale, inda mutum zai rubuta wa babban daraktan OAPI cewa kada a yi rajistar nan, ya kawo dalilansa, ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Dalilan da ake karɓa sanannu ne: tambarin ya yi daidai ko ya yi kama da wanda wani ya riga ya shigar har mai saye zai ruɗe, ko sunan kayan ne kawai kamar mutum ya ce shi kaɗai zai mallaki kalmar "yaji", ko yana yaudarar jama'a game da asalin kayan. Wannan hanyar ta fi ƙarfi a hannun mai rajista. Ke da ba ki da ita, idan kika dogara da ita kaɗai, kin shiga kokawa da hannu ɗaya.

Ta biyu ce taki, wato neman a mayar miki da mallakar tambarin. Dokar ta tanadi cewa idan wanda ya shigar da takarda ya san wani ya riga shi amfani da tambarin, ko ya kamata a ce ya sani, to mai shi na asali yana iya neman haƙƙinsa a wurin ƙungiyar. Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne dole ke ma ki shigar da taki buƙatar rajistar a cikin wa'adin. Ba a sauraron mai kuka da bai ajiye tasa takardar ba.

Sai maganar hujja, kuma a nan nake so ki tsaya da kyau. Da a gaban mai unguwa ne ko a fadar Sarkin Damagaram, da shaidu goma sun wadatar. A Yawunde ana tabbatar da amfani ne da rubutu, da abin da aka buga, da takardun da suka fito a lokacin da abin ya faru. Ki buɗe akwati ki nemo rasit ɗin mai ɗab'in da ya buga miki ledar farko, musamman idan akwai kwanan wata da hatimi. Ki nemo littafin da kike rubuta sari, shafin da sunan mutumin nan yake, da yawan katan ɗin da ya ɗauka. Takardar shiga baje koli, rasit ɗin talla a gidan rediyo, saƙonnin WhatsApp da yake cewa a aiko masa da kaya yana kiran sunan, hotunan Facebook masu kwanan wata, duk ki tattara. Kasancewarsa dillalinki shi ne babban makaminki, domin ba zai ce bai san da ke ba. Kada kuma ki yarda wani ya rubuta miki sabuwar takarda da tsohon kwanan wata. Idan aka gano, gaskiyarki ma ta lalace.

Bayan an karɓi takardarki, ƙungiyar za ta aika masa ya kare kansa a cikin wata uku, ana iya ƙara masa sau ɗaya, sannan a yanke hukunci. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa babban kwamitin ƙararraki na ƙungiyar. Abin yana ɗaukar watanni, sai haƙuri.

Na san a garinmu za a ce a zauna a sasanta, kuma ban hana ba. Sau da yawa dattawan kasuwa kan sa mutum ya janye buƙatarsa ko ya mayar wa mai ita a rubuce. Amma zaman sulhu ba ya tsayar da wata ukun nan. Ki shigar da takardunki tukuna, sannan a shimfiɗa tabarma. Idan wa'adin ya wuce aka ba shi rajista, ta shekara 10 ce ana sabuntawa, kuma abin da ya rage miki kotu ce, mai tsada da jan lokaci.

Takardun da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta su. Hukumar da ke wakiltar OAPI a Yamai za ta nuna miki yadda ake shigar da buƙata, amma ga rubuta dalilai ina ba ki shawara ki ɗauki ɗaya daga wakilan da ƙungiyar ta amince da su. Sunayensu suna shafinta. Kuma tunda kayanmu suna bin hanyar Magarya da Matamai zuwa Kano, ki sani Najeriya ba ta cikin OAPI. Idan yajinki yana tsallaka iyaka, can ma sai kin yi tata rajistar daban.