Amsar tambayar Alhaji kan abin da ke hana jirage karo a sama

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'a barkanmu da warhaka. Alhaji, na saurari saƙonka na daren jiya, inda ka ce kana zaune gefen taga ka ga wani jirgi ya gifta ta ƙarƙashinku har ka gane launin jelarsa, gabanka ya faɗi, kuma kana so ka san abin da ke hana jirage karo, da kuma wanda matuƙi zai bi idan jami'in kula da zirga-zirgar jirage da ke ƙasa ya faɗi wani abu na'urar jirgi kuma ta faɗi akasinsa.

Abin da ka gani ba haɗari ba ne. Tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, ƙa'ida ta yarda jirgi ya bi ta saman wani da tazarar ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300, kuma jami'an kula da zirga-zirgar jirage ne ke tsare wannan tazara. Idan kuma an samu kuskure daga gare su ko daga matuƙi, akwai na'ura a cikin jirgin da ake kira TCAS. Kullum tana aika tambaya ga jiragen da ke kewaye, su kuma suna amsawa ta wata na'ura mai suna tiransfonda, wadda ke faɗin tsayin da jirgi yake. Da waɗannan amsoshi take lissafa daƙiƙun da suka rage kafin jirage biyu su haɗu. Idan saura kamar daƙiƙa 40, sai murya ta ce "Traffic, traffic", wato a buɗe ido, akwai jirgi kusa. Idan abin ya matso zuwa daƙiƙa 15 zuwa 35, sai ta ba da umarni, ko a hau ko a sauka, kuma ana so matuƙi ya fara aikatawa cikin daƙiƙa 5. Ba ta cewa a karkata dama ko hagu. Abin lura a nan, Alhaji, shi ne na'urorin jiragen biyu suna daidaitawa a tsakaninsu kafin su yi magana, ta yadda idan wannan ta ce hau, waccan sauka za ta ce, alhali jami'in da ke ƙasa galibi bai san sun yi wannan yarjejeniya ba.

Amsar tambayarka ta biyu kuwa da rayuka aka saye ta. A daren 1 ga Yuli 2002, jirage biyu suna tafe a ƙafa 36,000 a sararin kudancin Jamus, kusa da garin Überlingen. Ɗaya Tupolev 154 ne na kamfanin Bashkirian na Rasha, daga Mosko zuwa Basalona, ɗauke da mutum 69, akasarinsu yara 'yan makaranta daga birnin Ufa da za su hutu. Ɗayan Boeing 757 ne na dakon kaya na DHL, da matuƙa biyu, ya tashi daga Bergamo zai tafi Brussels. A cibiyar Zurich, wadda ke kula da zirga-zirgar jirage a wannan sarari, jami'i ɗaya ne yake kan aiki, yana kai-komo tsakanin allo biyu, ana gyara a na'urorin cibiyar, wayar tarho ba ta aiki, hankalinsa kuma yana kan wani jirgi da ya makara zai sauka a Friedrichshafen. Wani jami'i a wata cibiyar da ke Karlsruhe ya hango abin da ke shirin faruwa, ya yi ta bugo waya ba ta shiga.

Saura ƙasa da minti ɗaya jami'in ya farga, ya ce wa jirgin Rasha ya sauka. Daƙiƙu kaɗan bayan haka na'ura ta ce wa jirgin Rasha ya hau, ta ce wa na DHL ya sauka. Matuƙan DHL suka bi na'ura suka sauka. Na Rasha, duk da ɗaya daga cikinsu ya ja hankali cewa na'ura hawa take cewa, suka bi jami'i, domin haka horonsu ya nuna musu. Duka biyun suka gangaro tare, jelar Boeing ta tsaga jikin Tupolev, mutum 71 suka rasu, ba wanda ya tsira. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an riga an samu gargaɗi, domin a Janairun 2001 wasu jirage biyu na kamfanin Japan Airlines sun sha da ƙyar a irin wannan saɓani, amma ba a gyara ƙa'idar duniya a kan lokaci ba.

Yanzu doka a fili take: idan na'ura ta ba da umarni, ita matuƙi zai bi ko da jami'i ya faɗi akasin haka, sannan ya sanar da shi, shi kuma jami'in ya dakata da ba da umarni har matuƙi ya ce hanya ta buɗe. A ganina wannan daidai ne, kuma ba raini ne ga jami'i ba, domin na'urar ce kaɗai ta san abin da aka faɗa wa ɗaya jirgin. An kuma inganta ta, ta yadda idan ta ga ɗayan bai bi umarni ba, za ta iya juya nata umarnin.

Sai dai tana da iyaka, kuma ya kamata in faɗa. Jirgin da tiransfondarsa ke kashe, ba ta ganinsa, kuma haka ta faru a Brazil a Satumban 2006, inda jirgin kamfanin Gol ya yi karo da wani jirgi, mutum 154 da ke cikin na Gol suka rasu. Haka nan ƙasa da kimanin ƙafa 1,000 ba ta ba da umarnin hawa ko sauka, don kada ta tura jirgi ƙasa, kuma a irin wannan tsayi ne jirgin fasinja da helikwaftan soja suka yi karo a Washington ranar 29 ga Janairu 2025, mutum 67 suka rasu. Allah ya kiyaye mu a tafiye-tafiyenmu. Alhaji, a gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum.