Amsa: Ana yin ciniki a kan sabuwar mota kuwa?

Malam, ka tambaya ko dila zai rage maka kuɗin da ke rubuce a jikin sabuwar mota. Ana ragewa mana, sai dai kada ka nuna zumuɗi. Fara zagaya dilolin Toyota biyu ko uku, ka karɓi farashin kowa a rubuce, sannan ka nuna wa wannan takardar wancan. Ka je ƙarshen wata ko ƙarshen shekara, lokacin da suke neman cika adadin da kamfani ya ɗora musu, ga kuma sabon samfuri na shigowa. In ya ƙi sauka, nemi ya ɗauke maka rajista da inshora da sabis na farko. Maganar musanya tsohuwar motarka kuwa, bar ta sai kun gama daidaita farashi, don a nan suke mayar da ragin aljihunsu.