Piyano Mara Nauyi Ko Mai Daɗin Sauti?

Tambaya: Malam, ina kiɗa a wuraren biki, daga Tudun Wada har Samaru, kuma a Keke Napep nake ɗaukar kayana. In sayi ƙaramin piyano mara nauyi, ko babba mai daɗin sauti?

Amsa: Ƙanena, fara duba inda kake kiɗa. Yamaha PSR-E473 kilo 7 ne, kuma yana aiki da batir shida, abin da za ka gode wa ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar kamu. PSR-SX900 kuwa ya haura kilo 11, sai da wuta ko janareto, amma gangunansa da bushe-bushensa sun fi cika kunne nesa ba kusa ba.

Sai dai a filin biki, ta manyan lasifikan haya jama'a ke jin ka. Na taɓa kai babban nawa wani biki a Sabon Gari, lasifikar da aka kawo ta mayar da shi kamar rediyon mai shayi. Kafaɗata ce kawai ta sha wuya.

In kana shiga situdiyo, daure ka sayi babban. In yawon biki ne kawai, ɗauki ƙaramin, ragowar kuɗin ka sayi lasifika mai kyau da jaka mai kauri saboda ƙurar hunturu.