Shin Allah ne ke haukata bawa domin ya hallaka shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Yayana ɗan kasuwar hatsi ne a Gombe. Tun da jarinsa ya karye bara ya daina barci, yana surutai shi kaɗai, yana yawo ba takalmi. Wasu na cewa alhakin mutane ne ya kama shi, wasu na cewa aljanu ne, har ana shawarar a sa masa mari. Shin Allah yana haukata mutum don ya hukunta shi?
Daga wata 'yar'uwa, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Babu abin da ke samun bawa sai da ƙaddarar Allah, cuta ce ko lafiya, amma duk wanda ya dubi majinyaci ya yanke cewa azaba ce aka saukar masa, to ya yi da'awar sanin gaibu, kuma wannan babban ganganci ne. Aya ta 44 ta Suratu Yunus ta tabbatar da cewa Allah ba ya zaluntar mutane da komai. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito kuma ya nuna an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Shari'a uzuri ta yi wa irin yayanki, ta kuma ɗora wa danginsa nauyin kula da shi.

Waɗanda Alƙur'ani ya ba da labarin hallakarsu, kamar Fir'auna da Ƙaruna, da hankalinsu garau suka yi girman kai, aka yi musu talala har suka nutse, ɗaya a teku, ɗaya a ƙasa. Ba haukata su aka yi ba.

Game da aljanu, mafi yawan malaman Sunna sun yarda suna iya shafar mutum, suna kafa hujja da aya ta 275 ta Suratul Baƙara. Sai dai abin da ke damuna shi ne yadda muke jingina wa aljanu kowace larura, alhali likitoci sun san cewa matsananciyar damuwa bayan asara, da gado, da farfaɗiya, da sanƙarau, da shan wiwi ko tiramol ko kodin (wanda gwamnati ta hana sarrafa maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018) duk suna iya taɓa ƙwaƙwalwa. Rashin barcin da ya biyo bayan karayar arziki alama ce da ya kamata likita ya duba da gaggawa.

Ku kai shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ku ci gaba da addu'a da ruƙiyya ta shari'a tare da shan magani, domin ɗaya ba ya hana ɗaya. Sa masa mari da dukansa kuwa zalunci ne, kada ku yarda da su, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta kare mutuncin irin waɗannan majinyata. In akwai bashin mutane a kansa, 'yan'uwa su zauna da masu haƙƙi a daidaita, shi kuma a bar shi ya yi jinya.