Filin Tambayi Likita: Wa ke biyan kuɗin binciken, kuma me yake nema?

Wasiƙu uku na ɗauko wannan karon, duk a kan magana ɗaya suke. Na rage musu tsawo saboda fili, masu su su yi mini haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin makaranta ne. Kullum sai mu ji a rediyo wai gidauniya kaza ta ware miliyoyin daloli don a yi bincike a kan wata cuta. To ruwa dai ba ya tsami banza. Me waɗannan mutane suke samu? Kuma wane irin kuɗi ne wannan da ba ya ƙarewa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da ta biyun don ta fi sauƙi.

Yawancin manyan gidauniyoyin nan waƙafi ne, ko da masu su ba su kira shi haka ba. Attajiri ya ware uwar kuɗi, a zuba ta a hannun jari da kadarori, a riƙa kashe ribar. Wadda na fi sani ita ce Wellcome da ke Landan. Henry Wellcome mai haɗa magunguna ne haifaffen Amurka, ya kafa kamfani a Ingila a 1880. Da ya rasu a 1936 sai wasiyyarsa ta miƙa kamfanin ga amintattu, su riƙa kashe ribarsa a kan bincike. Daga baya amintattun suka sayar da hannun jarin kamfanin suka baza kuɗin a wasu harkoki, yau dukiyar ta haura fam biliyan 30. Ita kuwa gidauniyar Gates, wadda aka kafa a 2000, ta ɗauki wata hanya dabam: a 2025 ta sanar cewa za ta kashe abin da ke hannunta ta rufe a ƙarshen 2045. Ka ga ke nan wani kuɗin yana ƙarewa.

Me suke samu? Akwai suna, akwai sassaucin haraji a ƙasashensu. A Amurka ma doka ce ta tilasta wa irin wannan gidauniya kashe kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyarta duk shekara. Amma ni a ganina babban abin da suke samu ba ya shiga aljihu. Ikon zaɓe ne. Mai kuɗin shi ke faɗin cutar da za a bi da wadda za a bari, kuma ba wanda ya zaɓe shi, ba wanda zai iya tsige shi. Shekarar da ya juya wa wata cuta baya, sai ka ga masana sun watse daga kanta kamar an kori tsuntsaye daga gona.

Ga labari biyu, ka auna da kanka.

A 1925 gidauniyar Rockefeller ta buɗe ɗakin binciken zazzaɓin shawara a Yaba, Legas. A 1927 ma'aikatanta suka ɗebi jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, wanda cutar ta kama ya warke. Daga wannan jinin aka raba ƙwayar cutar, daga ita kuma Max Theiler ya samar da allurar rigakafin 17D a New York a 1937, wadda har yau ita ake yi wa mutane. Ba wasa suka zo yi ba, don cikin masu binciken Adrian Stokes ya mutu da cutar a Legas a 1927, Hideyo Noguchi kuma a Accra a 1928. Theiler ya karɓi lambar Nobel a 1951. Allurar ta ceci rayukan da Allah kaɗai ya san yawansu, ban isa in raina ta ba. Sai dai ka lura, jini aka ɗauka a nan, ilimin ya nuna a can. An yi binciken a ƙasar mutane, amma ba mutanen ƙasar suka yi shi ba.

Na biyun na sanƙarau ne. Annobar 1996 ta kama mutum kimanin 250,000 a yankin Sahel, ta kashe kimanin 25,000. A 2001 gidauniyar Gates ta ba Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar lafiya mai zaman kanta ta PATH dala miliyan 70 su samar da sabuwar allura. Kafin a fara sai aka tuntuɓi jami'an lafiya na ƙasashen da abin ya shafa, su kuma suka nuna cewa allurar da ta wuce rabin dala ba za su iya saye ba, ko an yi ta. Wannan sharaɗi shi ya sa aka bar manyan kamfanonin Turai da Amurka aka nufi Serum Institute na Indiya. Aka yi gwaje-gwajen a Mali da Gambiya da Senegal da Gana, aka fara yi wa jama'a sabuwar allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso a Disamba 2010. Sanƙarau nau'in A, wanda a da shi ne ke haddasa manyan annobar, kusan ya ɓace daga yankin.

Bambancin labarin farko da na biyu shi ne an tambayi mai ɗaki inda yake masa yoyo. Saboda haka in ka sake jin sanarwar miliyoyi a rediyo, kada ka tsaya a kan yawan kuɗin. Ka nemi sanin wanda ke jagorantar aikin, da inda za a ajiye jinin da aka ɗiba, da ko an sanar da mutanen da aka ɗebi jininsu abin da aka gano.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni likitar dabbobi ce, shekarata biyu da fara koyarwa a jami'a. Ina son neman tallafin bincike a kan bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, a garken shanu, amma abokan aiki sun ce in daina wahalar da kaina, wai kuɗin gidauniya na likitocin mutane ne. Gaskiya ne?

AMSA: 'Yata, rabin gaskiya suka faɗa miki, ita ce kuwa ta fi ƙarya kashe gwiwa.

Tabbas kaso mafi tsoka yana tafiya ga cututtukan mutane. Amma kimanin kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin ɗan Adam daga dabba suke tsallakowa, a cikin sababbin da ke ɓullowa kuwa abin ya kai kashi 75. Murar tsuntsaye, zazzaɓin Lassa da ɓera ke ɗauke da shi, ciwon saifa, tarin fukan shanu, duk gidan ɗaya ne. Bakkalen da kike magana a kai ita ma haka. Saniya ta yi ɓari, makiyayi ya ja mahaifa da hannu ba safa, ko iyali su sha madarar da ba a tafasa ba, sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa ya kama mutum. A asibiti a ce maleriya ce ko taifot, a yi ta ba shi maganin da ba nasa ba wata da watanni. Wannan shi ne bakin zaren takardarki. Kada ki rubuta cewa za ki ƙirga shanu nawa ke ɗauke da cutar ki tsaya nan. Ki samo likitan mutane a asibitin da ya fi kusa da garken, ku tambaya tare: cikin masu zazzaɓin da gwajin maleriya bai nuna komai a jikinsu ba, nawa ne bakkale ke damu? Masu ba da tallafi suna da suna ga wannan salon, One Health, wato lafiyar mutum da dabba da muhalli a dunƙule.

Haukan kare ya isa misali. Yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kusan duka daga cizon kare, yawanci a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Likitar dabbobi ce, Sarah Cleaveland, tare da abokan aikinta 'yan Tanzaniya, ta nuna a yankin Serengeti cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka allura ana katse cutar daga tushe. Meziko ta bi hanyar yi wa karnuka allura shekara da shekaru, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mata da cewa ta raba mutanenta da haukan da ke zuwa ta kare. Maganin cutar mutum a wuyan kare aka same shi.

Ki kuma tuna bushiya, annobar nan ta shanu, ko da yake ke ba ki riske ta ba. Ta shigo Afirka ta gabar Eritiriya a 1887, a wasu wurare ta kashe tara cikin kowace saniya goma. Walter Plowright ya samar da allurarta a Muguga, Kenya, wajen 1960, amma allurar sai da sanyi, kuma shanun da suka rage da cutar suna inda firji ba ya zuwa. Sai da aka yi wadda ke jure zafi, aka koya wa makiyaya na kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha yin allurar da kansu, aka kuma zauna aka saurare su suna faɗin inda cutar ke ɓoye, sannan aka ci ƙarfinta. A 2011 aka ayyana ƙarshenta a duniya, cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana. Yawancin wancan kuɗin na gwamnatoci ne da Tarayyar Turai, na faɗa don kada ki zaci gidauniya ce ke yin komai.

Yanzu ga abin da ba wanda ya gaya mini lokacin ina kamarki. Na taɓa shiga wani aiki na shekara uku da wata gidauniya ta ɗauki nauyi. Muka yi ta yawo daga ruga zuwa ruga muna ɗibar jinin shanu, kowace kwalba da lambarta. Aka saya mana firiza mai tsananin sanyi, irin wadda ke kai digiri 80 ƙasa da sifiri, har da bikin ƙaddamarwa. Shekara uku ta cika, kuɗi ya tsaya cak. Ba wanda ya rubuta kuɗin man janareto na shekara ta huɗu, ni ma ban rubuta ba. Cikin hutun ƙarshen shekara wuta ta ɗauke kwana da kwanaki. Ranar da na buɗe firizar, warin da ya buge ni har yau ina jin sa. Yaron da muka horar a kan gwajin, wanda hannunsa ya fi nawa, ya jira wata shida ba albashi, ya tafi wani aikin da ba ruwansa da kimiyya. Takardar binciken ta fito a wata babbar mujalla, sunana yana can tsakiya, na farko da na ƙarshe, guraben da suka fi daraja, duk baƙi ne. Na daɗe ina jin haushin baƙin. Daga baya na gane ni ne na sa hannu a yarjejeniyar ban karanta shafin da ya yi maganar suna da mallakar samfuri ba.

Don haka tun kafin ki aika takarda, ki zauna da ofishin kuɗi na jami'arku ku sa kuɗin wuta da gyaran na'ura da albashin mai gwaji. Gidauniyoyi suna yarda da wani kaso na irin wannan hidima, sai dai kowace da iyakarta, ki karanta ƙa'idarsu. Ki samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da wuri, na mutane da na dabbobi, don kan ɗauki watanni. In akwai abokin aiki na waje, a rubuta tun farko wa ke da samfurin, wa zai zo farko a suna. Kuma ki fara da ƙaramin tallafi. Wanda bai taɓa riƙe kuɗin wata shida ya ba da lissafi ba, da wuya a damƙa masa na shekara biyar. Za a ƙi takardarki ta farko, wataƙila har ta uku. In sun aiko da sharhin masu tantancewa ki ajiye shi kwana biyu zuciya ta huce, sannan ki karanta da biro a hannu.

TAMBAYA: Likita, ni ɗan kasuwa ne, Allah ya rufa mini asiri daidai gwargwado. Ina so in yi sadaka mai gudana a fannin lafiya, na yi tunanin saya wa wata jami'a babbar na'urar gwaji. Me ka gani?

AMSA: Alhaji, Allah ya karɓa, ya ƙara buɗi. Amma ka dakata da na'urar. Na shiga ɗakunan gwaji da dama na tarar da na'urori lulluɓe da leda, ƙura ta rufe su, saboda ba kuɗin sinadaran da suke ci, ko injiniyan da zai gyara su yana wata nahiya.

Ka je da kanka ka tambayi shugaban sashen abin da ya fi tsayar musu da aiki a bara. Ina kyautata zaton zai ce wuta, ko kuɗin motar da ɗalibai za su shiga su je ɗibar samfuri, ko albashin mai gwaji tsakanin ƙarewar wani tallafi da zuwan wani. Waɗannan ne ramukan da manyan gidauniyoyi ke tsallakewa, kuma ba su fi ƙarfinka ba. Shugabannin Tarayyar Afirka sun daɗe da alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan bincike, kusan duka ba su cika ba, don haka ramin yana nan.

In ka yanke shawara, kada ka ba da kuɗin a dunƙule rana ɗaya. Ka ware kadara mai kawo haya ko hannun jari, lauya ya rubuta waƙafin, ka naɗa amintattu uku, ɗaya a cikinsu masanin da ba ya aiki a wannan jami'ar. Su riƙa zaɓen ɗalibi biyu ko uku duk shekara ta hanyar gasa a buɗe. Ka sa sharaɗi ɗaya a rubuce: duk wanda ya ci kuɗin, in ya gama, sai ya koma wurin mutanen da ya ɗebi jininsu ko na dabbobinsu ya faɗa musu abin da ya gano da harshen da suke ji, ya kawo wa amintattu shaida kafin a sake masa kason ƙarshe.