Kuɗin tafiyar saro kaya da haraji: abin da na gani

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce kana zuwa Legas da Chaina saro kaya, kana tambaya ko kuɗin jirgi da na otal za a cire maka su a haraji. Za a cire, amma ba yadda yawancinmu muka ɗauka ba. Babu wanda zai mayar maka da kuɗinka. Ana rage su ne daga ribar da za a lissafa harajin a kanta. Idan kamfaninka na biyan kashi 30 cikin ɗari, ka kashe miliyan ɗaya a tafiya, dubu ɗari uku ce ta ragu a harajinka, ba miliyan ba.

Sharaɗin kuwa tafiyar ta kasance domin kasuwancin aka yi ta, kacokan. Nan ne ni na sha ƙasa. Wata shekara na tafi Umara da mai ɗakina, a hanyar dawowa muka yada zango Dubai kwana huɗu na ɗauko kaya. Sai na tattara tikitinmu biyu da otal ɗin Makka da na Dubai na zuba a lissafin shago. Da masu binciken haraji suka zo, jami'in ya buɗe takardar tikitin, ya sa biro a ƙarƙashin sunan Hajiya, ya ce, "Alhaji, ita ma ma'aikaciya ce?" Kunya kamar in nutse. Kwanakin Dubai kaɗai suka karɓa, sauran suka mayar cikin riba, na biya da tara a kai. Kuma gaskiyarsu ce, ibadata ba hidimar shago ba ce. Haka ma man da kake sha daga gida zuwa kasuwa kullum, da tsarabar yara, duk aljihunka ne.

Babbar matsalarmu 'yan kasuwa ita ce rasit. Direban tasha ba ya ba da rasit, balle ɗan dako a kasuwar Alaba ta Legas. Abin da akawuna ya koya mini shi ne in riƙe ɗan littafi: ranar tafiya, inda na je, wajen wa, dalili, nawa na kashe. Duk abin da zai yiwu in biya ta asusun shago, ba nawa na kaina ba. Rasit ɗin POS kuma ka ɗauke shi hoto nan take, don wata uku a aljihun riga sai ka tarar da farar takarda. Ka ajiye komai shekara shida, haka doka ta ce. Kuɗin ɗauko kayan da na kwastan ka sa su cikin kuɗin kaya, kada ka cakuɗa da na tafiya.

Sai ka san wa kake biya. In kamfani ne mai rajista, hukumar haraji ta tarayya ce, tsohuwar FIRS da yanzu ake kira NRS. In sunan kasuwanci ne kawai, hukumar jiharka ce, ka shigar da bayananka kafin ƙarshen Maris.

Sabuwar dokar harajin da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta zo da abu biyu da suka shafe ka kai tsaye. Abin da ka kashe da dala, da farashin Babban Banki za a juya shi zuwa naira, ba da wanda ka saya a kasuwar 'yan canji ta Wapa a Kano ba. Sannan duk kuɗin da ya kamata a caji VAT (harajin sayen kaya da hidima, kashi 7.5 cikin ɗari) a kai amma ba a caja ba, ba za a cire maka shi ba. Don haka in mai otal a Legas ya ce zai yi maka sauƙi ya rubuta rasit babu kashi 7.5 ɗin nan, ka ce a'a, na gode, a rubuta da shi, a sa sunan kamfani a sama.