Erich Kästner: Mai Zambon da Ya Rubuta wa Yara

Tambaya: Malam, na ji labarin wani marubucin Jamus da aka ƙone littattafansa yana tsaye yana kallo, kuma an ce shi ne ya rubuta wa yara labarai masu farin jini. Wane ne shi, kuma me ya haɗa mai zambo da adabin yara?

Amsa: Erich Kästner kake nufi. An haife shi a birnin Dresden a 1899. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin sirdi, mahaifiyarsa Ida kuwa gyaran gashi ta riƙa yi domin ɗanta tilo ya samu karatu. A 1917 aka ɗauke shi aikin soja na dole, kuma horon da ya sha a rundunar manyan bindigogi ya bar masa ciwon zuciya da ƙyamar yaƙi, wadda ta cika waƙoƙin zambon da ya riƙa bugawa a jaridu bayan ya koma Berlin a 1927.

A ganina alƙalami ɗaya ne ya yi ayyukan biyu. Dubi littafinsa na 1929, Emil und die Detektive. Babu aljanu a ciki, babu 'ya'yan sarakuna, sai wani yaro ɗan talakawa da ya hau jirgin ƙasa zuwa Berlin da kuɗin Jamus maki 140, waɗanda zai kai wa kakarsa 120 daga cikinsu, ya soke kuɗin da allura a cikin aljihun rigarsa, barci ya kwashe shi, wani dattijon banza mai hula ya yi gaba da su. Yaran birni suka yi gayya suka bi ɓarawon har banki, inda hujin allurar da ke jikin takardun kuɗin ya tona masa asiri. Babba ne maƙaryaci a labarin, yara ne masu gaskiya da haɗin kai, kuma wannan shi ne ƙorafin da yake yi wa manya a waƙoƙinsa, sai dai a nan ya sassauta harshe.

Ranar 10 ga Mayu 1933 ɗalibai 'yan Nazi suka cinna wa littattafai wuta a dandalin Opernplatz da ke Berlin, har da waƙoƙinsa da littafinsa na manya, Fabian, shi kuwa yana cikin taron. Bai yi hijira ba, saboda mahaifiyarsa da kuma niyyar zama shaida ya rubuta babban labarin zamanin, wanda bai taɓa rubutawa ba. 'Yan sandan ciki na Gestapo sun kama shi sau biyu, an kuma hana shi bugawa a Jamus. Duk da haka bai kamata a wanke shi tas ba, domin da izinin hukumar 'yan Nazi ya rubuta fim ɗin Münchhausen na 1943 da sunan aro, Berthold Bürger.

Bayan yaƙi ya zauna a Munich, ya fitar da Das doppelte Lottchen a 1949, labarin tagwayen da rabuwar aure ta raba, ya kuma karɓi lambar yabo ta Hans Christian Andersen ta adabin yara a 1960. A can ya rasu a 1974.